Kwana Shida Cikin Mota A Ƙasar Tuddai Ta Sikotilan

'Yan'uwana mata, a wannan mako za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu taɓa na tafiya. Da yawa daga cikinmu in za a yi tafiya da maigida, iyakarmu mu ɗaure kaya, mu shiga mota, mu yi ta gyangyaɗi, sai an iso a tashe mu. A ratsa gari goma ba mu san sunan ko ɗaya ba. Alhali kuwa Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, mabuɗin nan ba ya buɗe wa mai barci kome.

Ga labarin wata 'yar ajinmu ta kwalejin horon malamai, wadda mijinta ke karatu a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, watau arewacin Biritaniya. Da aka ba shi hutu a watan Yuni, suka yi hayar ƙaramar mota, suka nufi ƙasar tuddai da ke arewa da birnin. Tun kafin su tashi suka raba aiki. Maigida shi ke tuƙi, Malama kuwa ita ke riƙe da taswira da littafin lissafin kuɗi, ita ce kuma mai tambaya. Aikinta na fari shi ne ta riƙa tuna masa hannu, gama can ta hagu ake tuƙi, yadda mu ma muke yi a Nijeriya kafin 1972.

Ba su yi sa'a guda a hanya ba sai ga tabkin Loch Lomond. A bakin mutanen ƙasar, "loch" shi ne tabki. Tsawonsa ya fi mil 20, kuma duk Biritaniya ba tabkin da ya kai shi faɗin ruwa. A gaɓarsa akwai ƙauyen Luss, mai 'yan ƙananan gidajen dutse, kowanne da furanni a ƙofa. Nan suka ci guzurinsu, suka ci gaba.

Daga nan hanya ta yi ta hawa. Itatuwa suka ragu, sai ciyawa da fadama da duwatsu, har suka shiga wani kwari mai suna Glencoe. Matafiya kan tsaya nan su ɗauki hoto su wuce. Malama ta tsaya ta karanta abin da aka rubuta a gidan tarihin wurin. A 1692 aka aiko da sojoji wurin dangin MacDonald, mazauna kwarin, don shugabansu ya makara wajen yi wa Sarki William mubaya'a. Mutanen suka sauke su a ɗakunansu, suka ciyad da su kusan mako biyu. Ran 13 ga Fabrairu, da asuba, baƙin suka tashi suka auka wa masu masaukinsu. Aka kashe mutum 30 ko fiye, waɗansu mata da yara kuma suka gudu cikin ƙanƙara, sanyi ya hallaka su. Yau shekara fiye da 300 ke nan, amma ba a daina zancen ba. Ku duba ku gani, cin amanar mai masauki abin ƙyama ne a can kamar yadda yake a nan.

Suka kwana a garin Fort William, gindin dutsen Ben Nevis. Shi ne dutse mafi tsawo a Biritaniya, ƙafa 4,413 daga gaɓar teku. 'Yan makaranta ku lura, garin Jos kansa yana wajen ƙafa 4,000 ne, watau ƙololuwar babban dutsen nasu kaɗan ta ɗara tudun da mutanen Jos ke cin kasuwa a kai. Bambancin shi ne Ben Nevis daga bakin teku ya miƙe, shi ya sa yake cika ido.

Masaukinsu gidan wata tsohuwa ne mai ba da ɗaki da karin kumallo. Irin waɗannan gidaje suna da yawa a ƙauyuka, sau da yawa sun fi otal araha. Da safe akan kawo wani kunu mai kauri na hatsin ƙasar, da ƙwai, da kifi. Malama ba ta jin kunyar tambayar abin da ke cikin kowane kwano, don akwai naman alade, akwai kuma wani abincin da ake yi da jini. Abu biyu suka ba su mamaki. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, saboda haka Magariba takan yi nisa ƙwarai. Ga kuma waɗansu ƙananan ƙwari, ba su kai sauro ba, masu taruwa da maraice su yi ta cizo in iska ta kwanta.

Kashegari suka yi yamma, suka iso fadar Eilean Donan. Gini ne na dutse mai ganuwa, a kan ɗan tsibiri, inda rassan teku uku suka haɗu. Mai kallo zai ce tun zamanin dā yake tsaye haka. A'a. A 1719 jiragen ruwan yaƙin gwamnati suka rushe shi a lokacin wani bore, ya zauna kango kusan shekara 200. Wani hafsan soja, John MacRae-Gilstrap, shi ya sake gina shi daga 1912 zuwa 1932. Wanda bai tambaya ba, sai ya koma gida yana rantsuwa ya ga ginin shekara 700.

Suka haye gadar da aka buɗe a 1995, suka shiga tsibirin Skye. Waɗansu hanyoyin ƙauyukan can mota ɗaya kaɗai suke ɗauka. An yi 'yan wuraren raɓewa jefi-jefi, wanda ya fi kusa ya tsaya, ɗayan ya wuce ya ɗaga masa hannu don godiya. Ga tumaki a kan hanya, ga shanu masu dogon gashi har ya rufe musu ido.

A nan ne Malama ta ga abin da ya fi tsaya mata a rai. Sai a yi mil da yawa ba a ga hayaƙin gida ba, amma a gefen tudu ga tarin duwatsu an jera su kamar harsashin ɗaki. Ta tambayi mai masaukinsu, aka gaya mata kufai ne. Dā ƙauyuka ne cike da mutane. Daga wajen 1750 zuwa 1860 masu ƙasa suka ga kiwon tumaki ya fi musu riba bisa kuɗin hayar da talakawa ke biya, sai suka yi ta tashin mutane daga gonakin kakanninsu. A kwarin Strathnaver, can arewa, a 1814 har wuta aka sa wa rufin ɗakuna don kada masu su su komo. Waɗansu aka tura su bakin teku inda ƙasa ba ta da albarka, dubbai kuma suka shiga jirgi zuwa Kanada da Amurka da Ostiraliya. Ashe shirun nan da baƙi ke yabo, shirun gidajen da aka kore masu su ne.

Mata su ji wannan. A 1882, a wani yanki na Skye da ake kira Braes, talakawa suka ƙi biyan haya sai an mayar musu da makiyayarsu. Aka aiko da 'yan sanda wajen 50 daga Gilasgo don su kama shugabannin. Jama'a suka tare su da duwatsu da sanduna, mata kuwa suna cikin na gaba. Labari ya bazu cikin jaridu, gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1883, a 1886 aka yi doka wadda ta hana a kori ƙaramin manomi daga gonarsa muddin yana biyan haya, ta kuma ba shi ikon barin ta ga magajinsa.

A kan hanyar komowa suka biyo ta tabkin Loch Ness. Tsawonsa wajen mil 23, zurfinsa ya wuce ƙafa 700, ruwan baƙi ƙirin saboda irin ƙasar da yake ratsowa. A gaɓarsa ga kangon fadar Urquhart, wadda sojoji suka fasa da albarushi a 1692 sa'ad da za su bar ta, don kada abokan gaba su samu mafaka. Tun 1933 ake ta yaɗa cewa akwai dodo a tabkin. Sanannen hoton dodon da aka buga a 1934, an tona a 1994 cewa ƙirar hannu ce aka ɗora a kan jirgin wasan yara. Turawa ma, kun ji, suna da nasu dodon. Suka kwana a birnin Inverness, rana ta shida suka kama hanyar Gilasgo, tafiyar kusan mil 170.

To, 'yan'uwa, ba kowace ce Allah zai nufa da zuwa Sikotilan ba, amma kowace takan yi tafiya, ko zuwa biki, ko ganin gida. In kun shiga mota, ku karanta allunan hanya. Ku tambayi sunan kogin da kuka haye. In kun ga tsohuwar ganuwa ko kufai, ku tambayi wa ya gina, me ya tashi mutanen. Matambayi ba ya ɓata. 'Yan makaranta kuma ku riƙe darasin labarin ƙasa da na tarihi da kyau, su ne za su zama idanunku a hanya. Magidanta masu leƙen wannan fili, ku ba uwargida taswira ta riƙe, ku ga ko tafiyar ba ta fi daɗi ba.

Wadda ta san tarihin wani kufai ko wata ganuwa a ƙasarsu, ta rubuto mana, mu buga kowa ya ƙaru. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.