Abin da Tsofaffin Lafani Suka Gani a Bakin Iyaka

Duk wanda ya kai shekara tamanin a Lafani, cikin ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, an haife shi ne wajajen 1945, lokacin da Turawan Ingila ke mulki a nan, na Faransa kuma ke mulki a Birnin Ƙonni. Ya yi ciniki da anini da kwabo da sule, ya ga zuwan naira a 1973. Ya ga zamanin da mutanen Nijar ke rububin naira, ya kuma kawo yau da ɗan Najeriya ke neman sefa ido rufe. Amma idan aka zauna da irin waɗannan dattawa a gindin bishiya bayan la'asar, ba da sunayen gwamnatoci suke lissafin zamani ba. Abin da suke aunawa shi ne nisan da mutum zai iya yi da ƙafarsa, da rana ko da dare, ba tare da an tare shi ba, ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Kakanninsu sun girmi iyakar. A yarjejeniyar 1898 Turawa sun zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, Ƙonni ta faɗo cikin rabon Ingila. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransawan nan Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. A 1904 aka sake rabo, Ƙonni ta koma hannun Faransa, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa duwatsun iyaka. Layin ya ratsa gonaki, ya raba wa da ƙane, amma bai raba tuwo ba. Iyalai da yawa a wannan yanki sun ƙetaro ne don guje wa aikin dole da ɗibar soja na Faransawa, wasu kuma sun gudu can lokacin da haraji ya matsa a nan. Shi ya sa da wuya ka sami gida a ƙasar Illela da ba shi da goggo ko kawu a wancan ɓangaren. Har yanzu akwai tsofaffin da in za su ambaci Nijar sai su ce Faransa, Najeriya kuma Ingilishi.

Mako a wurinsu kasuwa biyu ne: Lahadi Illela, Laraba Ƙonni. Tun da asuba ake ɗaura wa jaki mangala. Mata su ɗauko fura da daddawa da kuka, maza su kawo igiya da tabarma da dawa, Buzaye su sauko da raƙuma ɗauke da gishiri da kanwa da dabino, Fulani su koro shanu. Baƙo ba ya kwana a kasuwa. Kowane falke yana da maigidansa da zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, ya karɓi la'ada. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya yi ta kai da komo har a ji an ce an sallama. Daga nan magana ta ƙare. Dattawa sun fi daɗewa a kan wannan batu, domin a cewarsu mutum kan tafi da sa biyar a kan bashi, babu takarda, babu shaida sai dillali, kuma ya dawo da kuɗin ranar da ya ce. Mai karya alkawari ba kotu yake tsoro ba, tsoronsa kada a ji a kasuwa biyun, don in an ji to ya gama fatauci. Shanun da a da ake korawa a ƙasa wata da watanni zuwa kudu, yau tirela ke kwasarsu daga karar Illela zuwa Legas, kuɗi kuma ta waya ake turawa. Tsofaffin direbobi ma suna da nasu labarin: kafin Afrilun 1972 a hagu ake tuƙi a Najeriya, a dama a Nijar, don haka mota na ƙetare iyaka sai ta sauya hannu.

A gona, gandu ne ginshiƙi. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona ɗaya, a ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da yamma. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa sai ya kira gayya: a dama fura, a tuƙa tuwo, makaɗi ya biyo samari yana zuga su kunya bayan kunya. Saurayi mai neman aure ya san dole ya kai wa surukinsa gayya. Bayan an yanke gero an ɗaure dammuna, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, kafin a zuba sauran a rumbu. Sai Bafulatani ya zo ya sauka a gonar da shanunsa, su ci kara su bar taki, manomi ya ba shi gero, matarsa ta kawo nono. Burtali a buɗe yake, kowa ya san inda ya bi. Yau gado ya yayyanka gonaki, gandu ya watse, gayya ta koma ƙwadago da kuɗi a hannu, noma ya cinye burtali da yawa. Ni a ganina babu asarar da ta kai ta lalacewar wannan zama na manomi da makiyayi, domin daga nan ne wuta ta fara ci.

Dattawan suna kuma tuna Tafkin Kalmalo da ruwansa, da kifi, da lambunan albasa da alkama a bakinsa. Ruwan yana gangarowa ne daga kwarin Maggiya a Nijar. Fari da madatsun ruwan da aka yi a can don noman rani na Ƙonni sun rage abin da ke isowa, har batun ruwan Maggiya ya shiga yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990.

Dare na matasa ne. In farin wata ya fito bayan kaka, 'yan mata su yi kwalliya su fita dandali, ana gaɗa ana kiɗan kalangu, yara na langa, tsofaffin mata na tatsuniya a tsakar gida. 'Yan dambe, galibinsu mahauta, su bi gari gari, a daren kasuwa a kafa fage, waƙoƙin Ɗan Anace na Shago suna bakin kowa. 'Yan kokawa su ƙetaro daga Adar su kwana uku ana kayar da juna, kuma tun da Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, mutanen bakin iyaka ke manne kunne a rediyo suna bin ta kamar tasu. Akwai kuma abin da ba kowane dattijo ke son faɗa a bainar jama'a ba: bori, da buɗin daji, da arwar da Arnan Massalata kusa da Ƙonni ke yi don duba yadda shekara za ta kasance. Malamai sun daɗe suna yaƙi da waɗannan. Wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da shari'ar da Jihar Sakkwato ta ƙaddamar a 2000, sun ƙara rufe dandali. Tsofaffi ba sa kukan bori. Abin da suke kuka shi ne an rufe dandali ba a buɗe wa matasa wani wurin ba, sai gidan kallon ƙwallo da waya.

Aure kwana bakwai ake yi. A kama amarya a sa ta lalle, ƙawaye su kwana tare da ita, a kai ta a kan doki da guɗa, daga baya iyayenta su kai gara. Jeren ɗaki ƙore ne da faifai da tasoshi, kafin kwanonin sha su shigo, kafin a zo zamanin gado da kujeru da akwatunan lefe da ke sa uba sayar da gona. Maza kan yaba wa arhar auren da. Tsofaffin mata kuwa, in an ba su dama, sukan ƙara abin da maza suka tsallake: ba a tambayi yawancinsu ba. An ɗaura musu aure suna ƙanana, sun yi haihuwar fari a ɗaki da ungozoma, sun yi wankan jego da tafasasshen ruwa kwana arba'in suna shan kunun kanwa. Ranar suna wanzami ya yi wa jariri aski, ya cire beli, ya yi masa tsagar gidansu, ta yadda ko a Kumasi aka ga Bagobiri an san shi. Yau da wuya ka ga yaro da tsaga. Kuma idan tsohuwa ta ce ta haifi goma, sai ka tambaye ta nawa suka rayu. Agana ta makantar, ƙyanda ta kwashe yara a bazara, kurkunu ya kwantar da magidanta a tsakiyar damina. Rigakafi ya kawar da agana, an kuma tabbatar da rabuwar Najeriya da kurkunu a 2013. Duk mai cewa komai na da ya fi na yanzu, bai zauna da waɗannan iyaye mata ba.

Makarantar allo kowa ya yi. Boko kuwa an daɗe ana ɓoye yara a rumbu saboda shi, ana tura 'ya'yan marasa galihu a madadin na masu gari. Ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo ajujuwa ƙauyuka, amma har yau gidaje da yawa sun fi natsuwa da tura yaro gabas wajen malam.

Yunwa ma tana da tarihinta. Dattawan sun ji labarin Kakalaba ta 1914 daga bakin iyayensu. Ta 1973 zuwa 1974 da idonsu suka gani: Buzaye da Adarawa suka kwararo, dabbobi sun ƙare, aka buɗe musu zaure aka raba abin da ke akwai. Ta 1984 ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyaka, daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, shi ya sa mutanen Nijar ke kiranta 'Yar Buhari. A nan ne mutane suka fara gane cewa duwatsun nan na Bature suna iya hana hatsi isa ga ɗan'uwa. An sake rufewa a Agustan 2019 har Disamban 2020. An kuma rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, albasa ta yi ta ruɓewa a cikin motoci a layi. Kowace rufewa tana haifar da ɓarauniyar hanya. Yaron da kakansa ya yi fatauci da jaki a sarari, shi yanzu da dare yake ratsa daji a kan babur da jarkokin fetur ko buhun shinkafa, yana biya a kowane shinge. Dattawa ba sa kiransa ɓarawo, amma ba sa jin daɗin cewa wannan ita ce sana'ar da ta rage masa. Cin rani ma ya sauya: da ana tafiya bayan kaka a dawo kafin ruwan shuka, yanzu ana tafiya Legas ko a bi ta Agadas zuwa Libiya, a yi shekaru sai dai murya a waya.

Sai kuma 'yan bindiga. Gabashin Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo da Gada, ya sha wuya, kuma ƙasar Illela ba ta tsira ba. Mutumin da ya taɓa tashi tsakar dare ya nufi kasuwa shi kaɗai da jakinsa, abin tsoronsa kura kawai, yau sai ya yi tambaya kafin ya je gonarsa ta nesa.

Duk da haka ba a daina zuwa gaisuwar mutuwa ba. Ko a watannin da aka rufe iyaka a 2023, in aka yi rasuwa a wancan ɓangaren, akan bi ta gona a je sadakar uku, a koma ta arba'in. Ana kai goron ɗaurin aure, ana kai amarya. Mata ne suka fi riƙe wannan, domin su aka aurar can, ko aka auro su daga can, kuma su suka san wane ne ɗan wane. Da yawansu suna da layin waya biyu, na Najeriya da na Nijar, jikoki ke danna musu lamba. Damuwar da suke faɗa ita ce jikokin nan sun san lambar, amma in aka tambaye su yadda suke da mai ɗaukar wayar, sai su ce wani ɗan'uwan kaka ne a Nijar.