Madara ko hatsi: kokawar da ake yi a kan abincin masu tamowa

Idan rumbuna suka yi ƙasa a Damargu, daga bazara zuwa tsakiyar damina, uwaye kan cika gidajen likita na Tanut da Belbeji suna jiran ɗan ƙunshin nan mai gram 92, wato Plumpy'Nut: kwaɓin gyaɗa da garin madara da sukari da mai, wanda kamfanin Nutriset na ƙasar Faransa ya fito da shi a 1996. Amma abin da za a zuba cikinsa, a Janeba da Roma ake yanke shi.

Yunwar 2005 ce ta ɗaukaka sunansa. A waccan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 a Nijar, akasarinsu a gidajen iyayensu, ta kuwa ɗauki wannan sakamako ta matsa wa manyan hukumomi lamba. A 2007 hukumar lafiya ta duniya OMS da UNICEF da takwarorinsu suka amince da jinyar a gida, bisa ƙa'idar cewa aƙalla rabin sinadarin gina jiki ya fito daga madara.

To, a nan gizo ke saƙa. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane zancen: garin madara shi ne mafi tsada a haɗin, kuma daga ƙetare ake kawo shi, ko da a Yamai kamfanin STA ke yin kwaɓin. Saboda haka ƙungiyar Valid Nutrition ta gwada waken soya da masara da dawa a Malawi, tana neman a sassauta, don kuɗi ɗaya su ceci yara da yawa. Ƙungiyar IBFAN kuma tsoronta daban ne, kada magani ya koma hajar talla ya ture nonon uwa. Ita ko ƙungiyar masu sana'ar madara ta duniya tana da kujerar ƴan kallo a hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci, ba kuwa don shan iska take zuwa ba.

A 2021 OMS ta sake auna hujjoji, ta bar rabin madara yadda yake. A 2022 Codex ta fitar da nata ƙa'idojin, inda ta ɗora nauyi a kan ingancin sinadarin, abin da ya ɗan buɗe ƙofa ga hatsi da wake. Geron Damargu dai sai an gwada shi an kawo hujja kafin a ba shi wuri a ƙunshin.