Kwana biyar a gaɓar tekun Tamil Nadu da kuɗin ɗalibi

 Shirin yau na 'yan uwanmu ne da ke Indiya, ɗalibai da masu rakiyar marasa lafiya, da kuma masu shirin zuwa. Da yawa daga cikinmu sai mutum ya yi shekara uku a Chennai ko Bangalore, amma iyakarsa makaranta, ɗaki, masallaci, sai filin jirgi. Idan ka tambaye shi ya ce babu kuɗi. To yau zan kawo muku hanyar da mu uku muka bi a kwana biyar, daga Chennai muka gangara kudu ta bakin teku har Rameswaram, da yadda mutum zai yi ta ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba.

Bari mu fara da tambayar da na san tana zuciyar wasu: Musulmi me zai kai shi garuruwan da aka sani da wuraren bautar Hindu? Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kuma ko ya cire wuraren bautar gaba ɗaya, teku da ƙauyukan masunta kaɗai sun isa tafiya. Ni dai abin da nake yi shi ne kallon gini da tarihi. Ba na shiga ibadarsu, ba na karɓar tokar da ake shafawa a goshi, ba na cin abin da aka raba bayan bauta. Idan aka miƙo maka, ka ɗora hannu a ƙirji ka yi murmushi ka girgiza kai, sun gane. Su ma suna da iyakarsu. A manyan wurare da yawa an rubuta cewa wanda ba Hindu ba ba ya wuce wani wuri, kuma a farkon 2024 Babbar Kotun Madras ta umarci a kafa irin waɗannan allunan a wuraren bautar jihar. Saboda haka inda aka ce tsaya, ka tsaya. Gidan mutane ka je.

Abu na biyu, lokaci. Damunar wannan gaɓar ba irin ta sauran Indiya ba ce. Ruwansu mai ƙarfi daga Oktoba zuwa Disamba yake sauka, kuma lokacin ne guguwar teku ke yawan shigowa. Afrilu zuwa Yuni kuwa zafi ne mai haɗe da gumi, wanda ko ɗan Sakkwato sai ya ji a jikinsa. Janairu da Fabrairu sun fi daɗi, amma ka kauce wa tsakiyar Janairu, lokacin bikin Pongal, domin motoci da jirage cika suke yi, kuɗin ɗaki ya tashi.

Abu na uku, yare. Indiyancin da muka tsinta a fim ba zai yi maka aiki sosai a nan ba. Tamil suke yi, kuma suna alfahari da shi. Ɗan Turanci ya fi Hindi amfani. Ka riƙe kalmomi uku: vanakkam gaisuwa ce, nandri godiya, pallivasal kuma masallaci. Idan kana son direba ya saki jiki da kai, ka ambaci Rajinikanth ko Vijay, hira ta buɗe.

Ranar farko muka hau bas ɗin gwamnati daga Chennai zuwa Mahabalipuram, wanda ake kuma kira Mamallapuram. Bai kai kilomita 60 ba, kuma kuɗin motar bai kai rupi 100 ba. Garin tsohuwar tashar jiragen ruwa ce ta sarakunan Pallava. Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda suka sassaƙa dutse a ƙarni na 7 da na 8. Akwai wasu gine-gine biyar da ake kira Pancha Ratha, kowanne daga dutse guda aka fafe shi, daga sama zuwa ƙasa, babu haɗi. Ka yi tunani, idan masassaƙi ya yi kuskure sau ɗaya babu gyara. Akwai wani bangon dutse mai faɗi da aka zana giwaye da mutane a jikinsa, sai wani ƙaton dutse mulmulalle da ke tsaye a kan gangara kamar yanzu zai mirgino, amma ɗaruruwan shekaru yana nan. Sai haikalin bakin teku, wanda iskar gishiri ta cinye fuskokin zanensa. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1984.

A nan ne kuɗin shiga zai ɗan taɓa ka. Lokacin da muka je ɗan ƙasa rupi 40 yake biya, baƙo kuma 600. Amma tikiti ɗaya ne ke shigar da kai manyan wuraren a rana guda, don haka kada ka jefar da shi, kuma ka gama su duka a ranar.

Da asuba, bayan sallah, ka sauka unguwar masunta. Wannan kyauta ne kuma ya fi komai daɗi a wurina. Za ka ga kwale-kwale suna dawowa, maza suna ja da su kan yashi, mata suna gwanjon kifi nan take da ihu. A wannan gaɓar har yanzu ana ganin tsohon jirginsu na gungumen itace da ake ɗaurewa da igiya, kattumaram suke ce masa. Kafin ka ɗauki hoton kowa ka nemi izini, musamman mata. Kuma ka sani daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuni gwamnati na hana manyan jiragen inji kamun kifi na kwana 61 don kifi ya hayayyafa, lokacin kifi kan yi tsada.

Ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Mu 'yan Arewa yawancinmu ba mu iya ruwa ba, wanda ya iya ma a kogi ko dam ya koya. Teku daban ne. Akwai wani jan ruwa da ke kwashe ƙafar mutum daga ƙasa ya yi ciki da shi, ko da ruwan a gwiwa yake. Ka tsaya inda igiyar ke taɓa idon sawunka. Hoto bai kai rai ba.

Rana ta biyu muka wuce Puducherry, tafiyar kamar awa biyu. Garin yana hannun Faransa har 1954, shi ya sa za ka ga sunayen tituna da Faransanci da 'yan sanda masu jar hula. 'Yan uwanmu na Nijar za su ji kamar sun san wurin. Amma shawarata, ka yi yawonka na yini ka wuce, domin kwana a nan tsada ne, musamman Asabar da Lahadi. Mu Chidambaram muka je muka kwana, garin da aka gina kewaye da wani babban wurin bauta mai dogayen ƙofofi huɗu cike da zane masu launi. Ko daga titi za ka ƙare musu kallo.

Tunda maganar kwana ta zo, ku saurara da kyau. Doka ta wajabta wa duk masauki ya yi wa baƙon waje rajista a wata takarda da ake kira Form C. Ƙananan masaukai da yawa ba sa son wannan wahalar, sai su ce maka babu ɗaki alhali akwai. Wani lokaci kuma, gaskiya, ganin baƙar fata da koren fasfo ne. Mu ma an mayar da mu a wurare biyu kafin muka samu. Maganinsa, ka kira tun da rana ka ce kai baƙon waje ne, suna karɓa? Ka riƙe fasfo da biza da takardar rajistarka, da kwafinsu. Ɗaki mai fanka muna samunsa wajen rupi dubu, mu raba uku. Wannan shi ne amfanin tafiya a ƙungiya.

Rana ta uku ita ce ta fi cika. Muka tsaya Tharangambadi, ƙaramin gari da Turawan Denmak suka gina ganuwa a bakin tekunsa a 1620, suka zauna har suka sayar wa Ingila a 1845. Ganuwar tana nan, a gefenta masunta suna gyaran taru. Daga nan muka wuce Nagore, garin Musulmi da aka sani da hubbaren wani shehi mai suna Shahul Hamid, wanda ya rayu a ƙarni na 16. Wurin yana da hasumiya biyar, kuma za ka ga har Hindu suna zuwa ziyara. Ko mene ne fahimtarka kan ziyarar hubbare, garin wuri ne mai kyau na sallah da abinci da kwana. Gaba kaɗan, bayan Nagapattinam, akwai Velankanni, inda babbar cocin Katolika take. Addini uku a jere, tazarar ba ta fi ta ɗan gajeren hawan bas ba.

Musuluncin wannan gaɓar ta teku ya shigo, ta hanyar fatake Larabawa, shi ya sa Musulmin bakin teku da yawa Shafi'awa ne. Sallah ba za ta ba ka wahala ba, kuma kai matafiyi ne, kasaru halal ce gare ka. Sai dai 'yan uwa mata su sani masallatai da yawa ba su da sashen mata, gara a tsara sallah a masauki. Wannan yankin ne kuma igiyar tsunami ta ranar 26 ga Disamba 2004 ta fi yi wa ɓarna a jihar, sama da mutum 6,000 suka rasu a gundumar Nagapattinam kaɗai. Idan ka ga jerin gidaje iri ɗaya can nesa da ruwa, yawanci waɗanda aka gina wa masunta ne bayan abin. Kada ka tada maganar sai in su suka fara.

Rana ta huɗu muka bar teku muka shiga Thanjavur. Idan gini ɗaya kawai za ka gani a duk tafiyar, to Brihadisvara ne. Sarki Rajaraja na daular Chola ya kammala shi a 1010, hasumiyarsa ta haura mita 60, duk da dutse mai tauri, a yankin da ƙasarsa laka ce ta noman shinkafa. Wato daga nesa aka jawo duwatsun. A jikin bangon an rubuta sunayen ma'aikata da abin da ake biyansu da kyaututtukan da aka bayar, kamar littafin lissafi a kan dutse. Shiga kyauta ne. Amma takalmi ake cirewa tun daga ƙofa, kuma dutsen da rana kamar kasko yake. Ka je da sassafe ko bayan la'asar, ka sa safa. Dama yawancin wuraren nan rufewa suke yi da tsakar rana.

Daga Thanjavur muka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Rameswaram. Wannan ita ce babbar dabarar rage kuɗi: jirgin dare shi ne motarka, shi ne ɗakinka. Ka yanki tikitin sashen kwanciya marar na'urar sanyi tun da wuri ta IRCTC. Da safe jirgin zai hau gadar Pamban, ruwa hagu ruwa dama. Tsohuwar gadar ta yi aiki tun 1914, sabuwar kuma an buɗe ta a 2025.

Rameswaram na cikin wurare mafi tsarki a wurin Hindu, amma a nan aka haifi A.P.J. Abdul Kalam a 1931, ɗan wani Musulmi mai jirgin fito, wanda ya zama masanin kimiyyar roka kuma shugaban Indiya daga 2002 zuwa 2007. Gidansu yanzu gidan tarihi ne, kuma a tsibirin aka binne shi a 2015. Duk ɗalibi ya kamata ya leƙa. Daga nan ka hau bas zuwa Dhanushkodi, ƙarshen ƙasa, inda Siri Lanka ba ta fi kilomita 30 ba. Da gari ne mai tashar jirgin ƙasa da coci da gidan waya. A Disamba 1964 guguwa ta shafe shi a dare ɗaya, ta tafi da jirgin ƙasa da fasinjojinsa sama da 100. Yanzu kufai ne, sai bukkokin masunta da masu soya kifi. Wurin yana sa mutum tunani, wallahi. Da yamma muka hau jirgin dare muka wayi gari a Chennai.

Abinci kuwa, kada ka damu. Da safe idli, wanda kamar wainar shinkafa ce da aka turara ba a soya ba, ko dosa mai kama da sinasir siriri. Da rana ka nemi abin da suke kira meals: shinkafa a kan ganyen ayaba da miya kala-kala, ana ƙara maka har ka ce ya isa, kuɗinsa wajen rupi 100. Inda aka rubuta pure veg babu nama ko kaɗan, hankalinka kwance. Idan nama kake so, ka bari sai unguwar Musulmi kusa da masallaci. Ruwa kuma na gora kawai.

A cikin gari keke napep ɗinmu ne dai, can ake ce masa oto, kuma kamfanin TVS da ke ƙera da yawa daga na titunanmu ɗan jihar nan ne. Ka yi ciniki kafin ka hau, in akwai bas ka hau bas. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin su da waya suke biya, kai kuma in ba ka da asusun bankin Indiya zai iya yi maka wuya.

Idan ka lura, kwana biyar ne a hanya, amma uku kawai muka biya kuɗin ɗaki, biyu a jirgi muka yi su. Mai rakiyar marar lafiya da ba zai iya nisa ba, Mahabalipuram kaɗai ta ishe shi, ya je da safe ya dawo da yamma. Ɗalibi kuma ya sanar da makaranta da wani ɗan uwa inda za shi kafin ya tashi.

A nan za mu dakata. Allah ya tsare mana hanya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba ɗalibai sa'a. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.