BINDIGAR TOKA TA FARA JA DA BAYA A HANNUN MAHARBAN MINNA

Duk ɗan'uwan da ya taso daga Ikko ko Badun zai je ganin gida Minna, in dai ya biyo ta Ilori da Jabba da Mokwa da Bida, to, Kpakungu ce unguwar da za ta fara yi masa barka da zuwa. Nan shataletalen yake, nan motocin Bida suke lodi, nan kuma mutanen ƙauyukan da ke kan wannan hanya suke sauka da doya da gawayi da sauran kayan daji. Unguwa ce mai cunkoso, Nufawa da Gwarawa da Hausawa da Yarbawa duk an cakuɗe. Wanda ya san wurin shekarun baya ya san ba abin mamaki ba ne ka ga maharbi ya wuce da doguwar bindigarsa rataye a kafaɗa, ga layu ga burgami, yara na bin sa da kallo. Abin da ya sa muka ɗauko zancen yau shi ne ita wannan doguwar bindiga, watau bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, masu barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga, kasuwarta ta soma sanyi a wurin masu ita. Mai neman bindiga yanzu, maharbi ne ko ɗan banga, wadda ke cin harsashin kwali yake tambaya.

Bindigar toka tsohuwa ce a wannan yanki. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmak, saboda su ne suka shahara da sayar da irinta a gaɓar teku wajen Ankara, zamanin cinikin bayi. Daga bakin teku ta hauro. Etsu Masaba na Nufe, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1873, ya tara bindigogi da albarushi masu yawa ta hanyar ciniki da Turawan Ingila da ke hawa Kwara, har Bida ta zama abin tsoro ga maƙwabta. Amma da rundunar Kamfanin Kwara ta zo wa Bida cikin watan Janairu na 1897 da igwa da bindiga mai ruwa, sai aka ga iyakar mai cin albarushi ta baki. Daga nan ta bar fagen yaƙi ta koma daji wajen gada da zomo da gwanki, ta kuma koma filin hawan Salla, inda 'yan bindigar Sarki ke ta da hayaƙi don ƙawa.

Abin da ya raya ta shekaru fiye da ɗari bayan haka shi ne arha. Maƙerin ƙauye zai ƙera ta, in ta lalace shi zai gyara, abincinta kuwa albarushi ne da 'yan gutsattsarin ƙarfe ko dalma. Aibinta kuma kowane maharbi ya san shi. Sau ɗaya take tashi, sa'an nan sai ka tsaya ka sake ɗura mata ta baki, ka danna da sanda, kafin ka gama naman da ka kuskure ya kai wani dajin. In damina ta yi nisa albarushi ya sha sanyi, sai ka ja kunama ta yi maka shiru. Wani lokaci kuma in an cika mata ciki, ko bututun ya tsufa, sai ta fashe a hannun mai ita. Maharba masu guntayen yatsu ba su da wuyar gani a ƙasar nan. Da can duk wannan ana jurewa, don gada ba ta ramawa.

To, yanzu abin da ke dajin yana ramawa. Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙananan hukumomin Shiroro da Munya da Rafi da Mariga, aikin maharbi ya sake. Ran 17 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan makarantar kwana ta Kagara, ƙarshen watan Mayu na wannan shekara kuma aka kwashe yara fiye da ɗari daga Islamiyyar Tegina. Cikin watan Afrilu na 2021 ɗin Gwamnan lokacin, Alhaji Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure ta ƙasar Shiroro, alhali mutanen ƙauyuka sun gudo sun cika wata makarantar firamare a cikin Minna. Maharban da aka sani da farauta su ne aka wayi gari sun zama masu gadin gari. Wanda za su tara kuwa yana riƙe da AK-47, mai cin harsashi 30 a gida ɗaya, wadda ke samun mutum daga mita 300. Mai harba-ka-ruga in ya harba sau ɗaya, sunan bindigarsa ne kawai ya rage masa ya bi.

Shi ya sa ido ya koma kan harsashin kwali, wanda yawancinsa yanzu na roba ne amma sunan ya zauna. Shi a rufe yake zuwa, albarushi da ƙwayoyin dalma duk a cikin kwanso guda, ruwa bai cika damunsa ba, kuma kafin mai bindigar toka ya ɗura ɗaya mai harsashi ya harba da yawa. Wanda aka fi sani shi ne mai lamba 12. Akwai bindigarsa mai baki ɗaya, akwai mai baki biyu, akwai kuma wadda ake ja wa hannu gaba da baya, watau fam-akshin, mai ɗaukar biyar ko fiye. Maƙera ma sun bi kasuwa, da yawansu irin mai karyewa a tsakiya a sa mata harsashi suke bugawa. Sai dai fa a yi hattara da zuzuta ta. Ƙwayoyin nan watsuwa suke yi, bayan 'yan mitoci gomiya kaɗan ƙarfinsu ya ƙare, saboda haka ɗan banga mai fam-akshin har yanzu sai ya matso kusa da wanda ke iya harbinsa tun daga nesa. Ga tsada kuma, don harsashin saye ake yi ɗaya ɗaya, kuma duk faɗuwar da Naira ta yi sai ya ji a jikinsa.

Wannan sauyin ra'ayi na masu bindiga ba a kanmu aka fara ba. A Amurka an yi irinsa a kan harsashin ƙaramar bindiga, watau fistol. Ran 11 ga Afrilu 1986 jami'an hukumar FBI suka yi artabu da wasu 'yan fashi biyu a Miyami, aka kashe musu mutum biyu aka raunata biyar, sai hukumar ta ɗora laifin a kan harsashi mai milimita 9, wai bai shiga jiki sosai ba. Aka nemi wanda ya fi shi, har kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fito da wani matsakaici a 1990, mai suna .40 S&W, wanda ya fi mai milimita 9 kauri amma bai kai .45 ba. 'Yan sandan Amurka suka yi ca a kansa shekara wajen ashirin. A 2014 sai ita FBI ɗin ta dawo ta ce an inganta mai milimita 9 har aikinsu ya zo ɗaya, ga shi bai cika tokarin hannu ba, jami'ai sun fi samun bara da shi, ya fi arha, kuma gidan harsashi ya fi ɗaukarsa da yawa: bindigar Glock 17 tana cin 17, 'yar'uwarta Glock 22 mai cin .40 kuwa 15. A 2016 hukumar ta ba da kwangilar sababbin bindigogi masu milimita 9, sauran 'yan sanda suka bi sahu, matsakaicin nan ya koma baya. Mu ma nan dattawa sun tuna da Mak-fo ta 'yan sanda mai cin harsashi .303, wadda aka gada daga Turawa, yau sai dai labari.

Sai dai mutumin Amurka a kanti yake zaɓen nasa, mu kuwa doka ta tsaya a tsakani, kuma nan ne ya kamata 'yan'uwa mazauna Kurmi su buɗe kunne, musamman waɗanda ake aiko wa daga gida a ce a taimaka da kuɗin bindiga. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne, sai da izinin Shugaban Ƙasa, a ciki kuwa har da fistol da libarba da bindigogin soja. Wanda aka kama da irinsu ɗaurin da doka ta yanka masa bai gaza shekara goma ba. Kashi na biyu su ne irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne masu cin albarushi ta baki, su an bar maganarsu ga Kwamishinan 'yan sanda na jiha da Gwamna. Watau ita bindigar tokar da ake rainawa ita ce doka ta fi sassauta wa. Fam-akshin kuwa, da Sufeto Janar Ibrahim Idris, shi ma ɗan Jihar Neja, ya ba da umarnin tattara haramtattun makamai a Fabrairu 2018, tana cikin waɗanda ya lissafa. Mazauna Ikko ba su manta da 2017 ba, shekarar da kwastan suka kama irinta 661 a watan Janairu, 440 a watan Mayu, sa'an nan 1,100 a watan Satumba a tashar jiragen ruwa ta Tin Kan. A watan Agusta 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Ga gwamnoni suna cewa jama'a su kare kansu, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta yi a Yuni 2022, ga 'yan sanda sun rufe ƙofar takarda. Talakan ƙauye shi aka bari a tsakiya.

Ko ita mai sassaucin ma, in ta bar ƙasar da aka san ta, ba kowa ke bambanta ta da ta ɗan fashi ba. Ƙarshen watan Maris 2025, ana dab da ƙaramar Salla, wasu maharba 'yan Jihar Kano suka taso daga Jihar Ribas za su gida cikin babbar mota. A Uromi ta Jihar Edo 'yan banga suka tare su, aka ga bindigogin farauta a cikin kayansu, aka yi musu ihun masu satar mutane, jama'a suka taru suka kashe mutum 16. Da yawansu mutanen Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je Kano ta'aziyya. Maharbin da ke ci-rani a dazuzzukan Kurmi, in zai hau mota da kayan sana'arsa, ya tabbata takardarsa tana aljihu, Sarkin Hausawan garin da ya taso ya san da tafiyar, kuma 'yan sandan wurin ma sun sani.

A ganinmu bindigar toka ba za ta ɓace daga ƙasar Minna nan kusa ba. Manomin da birai ke ɓarnar masararsa ba ya bukatar abin da ya fi ta, kuma ba shi da kuɗin harsashi. Tsofaffin maharba ma suna da nasu dalilin, don akwai masu ganin bindigar da suka gada, wadda aka yi wa tanadi irin nasu, ta fi kowace ta kanti. Samarin da ke shiga aikin banga ne ba su da haƙurin ɗura ta, kuma ba wanda zai ga laifinsu, tun da su ne ke kwana a bakin dajin Shiroro.