ASUSUN AJIYA DA BASHI: DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san wannan wahala. Da kaka hatsi yakan cika kasuwa, farashi ya faɗi. Lokacin nan ne kuma buƙata take yawa: tufafin iyali, aure, suna, kuɗin magani, bashin bara. Sai manomi ya saida hatsinshi da araha. Bayan wata biyar ko shida rumbu ya yi ƙasa. Sai ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada. In ba shi da kuɗi, ya tafi wurin mai hali ya ɗauki buhu ɗaya, da kaka ya biya biyu. Makiyayi ma haka. Da bazara ciyawa ta ƙare, dabba ta rame, dole ya saida ta a wulaƙance don ya sayi abinci.

Matar da take yin ƙuli-ƙuli, da maƙeri, da mai saida kilishi, su ma ciwonsu ɗaya ne: sana'a tana hannu, jari ne babu. Shi ya sa jaridarku ta wannan wata za ta yi bayani bisa asusun ajiya da bashi. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Mine ne asusun ajiya da bashi?

Asusun ajiya da bashi ƙaramin banki ne na jama'a. Mutanen gari ɗaya, ko na kasuwa ɗaya, suna haɗa kai. Kowa ya ajiye abin da ya samu, ko dala ɗari ce, ko jika. Cikin kuɗin nan da aka tara ake ba mai buƙata bashi. In ya biya, a ba wani.

Babban banki yana birni: Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa. Yana son takardu masu yawa, yana son jinginar gida ko fili mai takarda. Ƙaramin asusu kuwa yana kusa da kai. Jinginarshi ta farko ita ce amana: mutanen garinku sun san ka, sun san gonarka, sun san halinka.

Ku riƙe magana ɗaya: kuɗin da ke cikin asusu na maƙwabcinka ne. Ba na gwamnati ba ne, ba kyautar Turawa ba ne. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya, guminsu ɗan'uwanshi ya ci.

Darasin da muka koya a baya

Ba yau ƙasarmu ta fara neman hanyar ba manoma bashi ba. Cikin shekara ta 1962 aka kafa UNCC, hukumar ƙungiyoyin manoma da bashi. Cikin shekara ta 1967 aka kafa CNCA, asusun bashin noma na ƙasa. Tsofaffinmu suna tuna bashin shanun huɗa, da garma, da amalanke, da iri, da takin zamani.

Sai fari ya zo cikin 1973 da 1974, ya sake dawowa cikin 1984. Shanu suka mutu, gonaki ba su yi ba. Wasu sun kasa biya da gaske. Wasu suna da halin biya amma suka ce: kuɗin gwamnati ne, ba mai shi. Manyan mutane ma sun ci bashi mai nauyi a banki ba su mayar ba. Zuwa shekara ta 1990, an rufe CNCA, an rufe BDRN, babban bankin raya ƙasa. Wa ya yi hasara? Ƙaramin manomi. Shekaru masu yawa ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sai ta ɗan kasuwa. Sai cikin 2011 bankin noma na BAGRI ya fara aiki.

Darasin a fili yake. Rijiyar da kowa ke ɗiba, ba mai yasa, wata rana za ta ƙafe.

Dubarar da ta fito daga Maraɗi

Cikin shekara ta 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta taimaka ma mata suka fara wani tsari da aka sa ma suna Mata Masu Dubara. Tushenshi adashen da iyayenmu mata suka sani tun da. Amma an ƙara mashi abu biyu: bashi da riba.

Ga yadda yake tafiya. Mata kamar ashirin ko talatin suna zaɓen junansu. Suna taro sau ɗaya kowane mako. Kowace ta zuba abin da aka yarda da shi. Kuɗin suna shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam. Ba a buɗe akwati sai gaban kowa. Ana ƙidaya kuɗi da ƙarfi, kowa na ji. Wadda take son jari ta roƙa gaban taro, ta faɗi abin da za ta yi da shi, da ranar da za ta biya. In ta biya, ta ƙara ɗan abin da ƙungiya ta yanke. Ana ware wani ɗan kuɗi dabam don taimakon wadda ciwo ko rasuwa ta sama. In shekara ta kewayo, a fasa asusu, a raba ajiya da riba.

Ku lura da kyau: ba wanda ya kawo masu kuɗi daga waje. Koyarwa kawai aka ba su. Daga ƙauyukan Maraɗi dubarar nan ta bazu zuwa sauran jihohin Nijar, ta ƙetara zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka, har da Asiya. Abin alfahari ne ga ƙasarmu. Maza ma ba a hana su yin irin wannan ƙungiya ba.

Ƙungiyar da ta yi shekara biyu ko uku tana zubi ba tare da rigima ba, tana iya buɗe littafi a asusun da gwamnati ta yarda da shi, ta nemi bashi mafi girma. Asusu zai duba littafinta kafin ya ba ta. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Jinginar hatsi: ka samu kuɗi, hatsinka na nan

Tun shekara ta 1999, da taimakon hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, manoman Nijar suka fara wata hanya da ake ce ma warantaji. Ma'anarta bashin jinginar amfanin gona.

Da kaka ƴan ƙungiya suna kawo hatsi, ko wake, ko gujiya, cikin ɗakin ajiya ɗaya. A auna, a rubuta sunan kowa bisa buhunshi. A rufe ƙofa da kwaɗo biyu: makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusu. Ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Asusu ya ba da bashi gwargwadon farashin kaka, amma ba duka ba, yawanci kashi bakwai ko takwas cikin goma. Da kuɗin nan manomi yake yin sana'ar rani: lambu, turkar rago, ƙaramin ciniki. Gabanin damana ya biya bashi, a buɗe ƙofa, ya ɗauki kayanshi. In ya so ya ci, in ya so ya saida, in ya so ya yi iri.

Mu yi lissafi tare. Wannan misali ne kawai, ba farashin kasuwar yau ba ne.

Manomi ya ajiye buhu 10. Da kaka buhu jika 20 ne. Dukansu jika 200.
Asusu ya ba shi jika 160.
Ruwan bashi 2 bisa ɗari kowane wata, wata 6: jika 19 da dala 40.
Kuɗin ɗakin ajiya, dala 20 kowane buhu kowane wata: jika 6.
Abin da ajiyar ta ci mashi duka: jika 25 da dala 40.

In da bazara buhu ya kai jika 28, buhu 10 sun zama jika 280. Ƙarin jika 80 ke nan. A cire jika 25 da dala 40, saura jika 54 da dala 160. Wannan kuɗi da aljihun ɗan kasuwa za su shiga, yanzu sun tsaya gidan manomi.

Amma sai mun faɗi gaskiya. Ba kowace shekara farashi ke hawa sosai ba. In buhu ya tsaya jika 22, ƙarin jika 20 ne kawai, manomi ya yi hasarar jika 5 da dala 40. Kuma in ɗakin yana yoyo, ko ƙwari sun shiga wake, hasarar ta fi haka. Saboda haka a busar da kaya da kyau, a ɗora buhuna bisa itace, kar su taɓa ƙasa. Kuma kar mutum ya jinginar da abincin iyalinshi duka.

Wane bashi ne mai amfani?

Bashi kayan aiki ne, kamar hauya. Bashi mai amfani shi ne wanda ke biyan kanshi.

Matar Tasawa ta sayi gujiya da kaka, ta tatsi mai, ta yi ƙuli-ƙuli, tana samun kuɗi kowace kasuwa. Wannan tana iya biya kaɗan kaɗan kowane mako. Mai albasa a Galmi ko Madawa ya ci bashin iri da mai na injin ban ruwa. Shi ba ya samun komi sai ya cire albasa, don haka ya nemi a aza ranar biya bayan cirewa. Makiyayi ya sayi rago da dusa wata uku ko huɗu kafin Babbar Salla, ya turke, ya saida lokacin layya. Shi ma ranar biyanshi ta dace da ranar ciniki. Ya kuma sa kuɗin rigakafi cikin lissafi, domin in rago ya mutu, bashi ba ya mutuwa.

Makiyaya sun san amanar bashi tun kakanni. Fulani suna da habbanaye: mutum ya ba ɗan'uwanshi karsana, ta haihu wurinshi, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar. Wanda ya ci amanar habbanaye, sunanshi ya ɓaci cikin dangi. Da wannan idon ya kamata mu dubi kuɗin asusu.

Bashin da ke kashe gida kuwa shi ne na biki, na ƙarin aure, na tufafin gasa. Kuɗin sun tafi cikin kwana uku, biya yana jiranka wata shida. Haka nan wanda ya ci bashi nan don ya biya can, rami yake haƙa ma kanshi. Maigida kuma kar ya karɓe bashin da matarshi ta ɗauko don sana'arta. Ranar biya ita za a kira gaban mata.

Mi doka ta ce?

Ba kowa ke da iznin karɓar ajiyar jama'a ba. Asusun da ya buɗe ƙofa yana karɓar kuɗin mutane, dole ya samu takardar izni daga ministan kuɗi. Akwai hukumar gwamnati mai suna ARSM da ke sa ido bisa ƙananan asusai, tare da babban bankin BCEAO.

Cikin shekara ta 2014 aka fara aiki da dokar da ta ce ruwan bashin ƙananan asusai, har da kuɗin takardu, kar ya wuce 24 bisa ɗari a shekara. Wato kamar jika 2 kowane wata bisa jika 100. Ku gwada wannan da buhu ɗaya da ake biya biyu cikin wata huɗu.

Da yawa cikinmu suna gudun ruwan bashi saboda addini. Akwai hanya dominsu. Wasu bankuna da asusai suna aiki da tsarin Musulunci: su sayi kayan da kake buƙata, kamar rago ko keken ɗinki, su saida maka da ribar da kuka yarda da ita tun farko, ka biya sannu sannu. Mai son wannan ya tambaya, ya kuma shawarci malaminshi.

Kafin ka sa hannu

Na ɗaya: ka nemi a gwada maka takardar iznin asusu. In wani baƙo ya zo gari yana cewa kawo jika goma, wata mai zuwa ka karɓi ashirin, ku kai maganar wurin maigari.

Na biyu: ka tambayi abu uku. Nawa za a ba ni a hannu? Nawa zan biya duka? Wace rana?

Na uku: kar ka dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta maka ba.

Na huɗu: duk kuɗin da ka zuba, a rubuta cikin littafinka nan take, gaban idonka. In kana biya ta wayar salula, kar ka faɗa ma kowa lambarka ta asiri.

Na biyar: kar ka tsaya ma mutum lamuni sai ka san halinshi. In ya kasa, kai za a kama.

Na shida: ka je taron shekara na asusunku. Ka ji lissafi, ka yi tambaya, ka zaɓi shugabanni masu gaskiya. Asusun da aka bar ma mutum ɗaya, ko dangi ɗaya, ba ya daɗewa.

Na bakwai: in masifa ta same ka, fari ko gobara ko ciwo, ka je ka faɗa tun ranar biya ba ta zo ba. Mai ɓuya shi ke ɓata amana.

Nan ne amfanin yaƙi da jahilci yake fitowa. Ku da kuka koyi karatu da lissafi, ku ne idon garinku. Ku riƙe littafin ƙungiya, ku karanta ma ƴan'uwa takardunsu, ku sake lissafin nan na buhu goma da farashin kasuwarku. In garinku ba shi da ƙungiya, ku tara mutum ashirin da kuka yarda da su, ku fara da abin da ke hannu, ko dala ashirin ce kowane mako. Malamin gona da ma'aikatan gidan magajin gari za su nuna maku asusun da ke da izni kusa da ku.

Ku rubuto ma jaridarku labarin ƙungiyarku: abin da ya yi kyau, da abin da ya ba ku wuya, domin sauran garuruwa su amfana. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raba mu da bashin da ba mu iya biya.