Sudoku: Abin da ƙwararru ke gani a allon da ya gagari kowa

Duk wanda ya taɓa buga sudoku mai wuya ya san inda ake makalewa. Ka cika gida ashirin ko talatin lami lafiya, sai abu ya cije. Ka duba sama ka duba ƙasa, kowane gida da ya rage yana iya karɓar lamba biyu ko uku, babu wanda za ka rantse a kansa. A nan ne mafi yawan mutane suke canka ɗaya su rubuta, suna fatan Allah Ya sa su dace.

Dokar wasan ba ta da yawa. Allo ne mai gidaje 81, layi tara a kwance, tara a tsaye, an kuma raba shi akwati tara masu gida tara-tara. Kowane layi da kowane akwati dole ya ɗauki 1 zuwa 9, ba maimaici. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Howard Garns, shi ake danganta wa ƙirƙirarsa, an fara buga shi a wata mujalla a 1979. Kamfanin Nikoli ya kai shi Japan a 1984. Wayne Gould kuma, mutumin New Zealand da ya yi alƙalanci a Hong Kong, shi ya shigar da shi jaridar The Times ta Landan a Nuwamban 2004, daga nan ya bazu duniya.

Wanda ya makale yawanci tambaya ɗaya yake ta nanatawa, wato wace lamba ce za ta shiga wannan gida. Gwani juya tambayar yake yi. Sai ya ɗauki lamba guda, a ce 4, ya bi layi yana neman inda ba za ta iya zama ba. Sau da yawa gidan da kake ganin zai karɓi 2 ko 4 ko 9, shi kaɗai ne a duk layin da 4 ke da wurin zama. To magana ta ƙare, 4 ce, ko da wasu lambobin suna raɓe a wurin.

Daga nan sai tagwaye. A ce a wani akwati 3 da 8 ba su da masauki sai gidaje biyu kacal. Ba ka san wacce za ta shiga wanne ba, kuma ba ka bukatar sani. Baƙi biyu ne da ɗaki biyu, ko yaya suka raba, babu wurin na uku. Don haka duk wata lamba, ban da 3 da 8, da ka rubuta da fensir a gefen waɗannan gidaje sai ka goge ta. Wannan gogewa ita ce ainihin aikin, domin lambar da ka kora daga nan yanzu ta rasa zaɓi a wani wurin.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta kusurwa huɗu, don ita ce ke tilasta wa mutum ya daina kallon gida ɗaya-ɗaya. Ɗauki 7. A layi na biyu na kwance, ba ta da wuri sai inda ya haɗu da layi na uku ko na takwas na tsaye. Ka sauko layi na shida, ka tarar nan ma haka, na uku ko na takwas. Gidajen nan huɗu sun zama kusurwoyin siffa mai gefe huɗu. In 7 ta sama ta zauna hagu, dole ta ƙasa ta koma dama, in ta zauna dama, ta ƙasa ta koma hagu. Ta kowace hanya, layukan tsaye biyun nan sun riga sun sami 7 ɗinsu daga waɗannan kusurwoyi. Saboda haka duk sauran gidajen da ke cikinsu, daga sama har ƙasa, an haramta musu 7. Ba ka rubuta ko lamba ɗaya ba, amma wataƙila ka buɗe rabin allon.

Irin wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Hatimin da malamai ke zanawa mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15, yana da irin nasa ɓoyayyen tsari. Me ya sa kullum 5 ce a tsakiya? Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Jimillar 1 zuwa 9 kuwa 45 ce. Rarar 15 ɗin ta gidan tsakiya ce sau uku, ka ga 5 ke nan, babu makawa. Malamin nan na Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 inda ya yi bayanin hanyoyin gina irin waɗannan hatimai, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai kada a haɗa su. Hatimi lissafin tarawa ne, sudoku kuwa ba a tara komai a cikinsa. Da za a cire lambobin a sa haruffa tara, wasan bai canja ba.

Akwai wani zato da ya kamata a kawar, cewa ƙarancin lambobin da aka bayar tun farko shi ne wuya. A 2012 Gary McGuire na wata jami'a a Dublin da abokan aikinsa suka nuna, bayan kwamfutoci sun shafe kusan shekara suna bincike, cewa babu sudoku mai amsa ɗaya tak da zai fara da ƙasa da lambobi 17. Amma da yawa daga masu 17 ɗin ana warware su da dabaru masu sauƙi. A shekarar dai, Arto Inkala, masanin lissafi ɗan ƙasar Finland, ya fitar da wani mai lambobi 21 da jaridu suka yi ta kira mafi wuya a duniya. Wuyar tana ga nisan sarƙar dalilin da za ka bi kafin ka iya goge lamba guda.

Kwamfuta ba ruwanta da wannan wahala. Tana gwadawa, in ta ci karo ta koma baya, cikin ƙiftawar ido ta gama. Mutum ma yana iya yin haka, amma a ganina wanda ya cika allo da canke bai warware komai ba, kuma in ya yi kuskure ba zai gane ba sai ya yi nisa, lokacin da takarda ta kusa hujewa da guga.

Mai karatu, in ka sake makalewa, ajiye biro ka ɗauki fensir. Rubuta ƙananan lambobin da kowane gida ke iya karɓa, sannan ka bi 1 zuwa 9 ɗaya bayan ɗaya, kana neman wadda ke da wuri biyu kacal a layi. In ka samu, leƙa sauran layukan ko akwai mai irin wuraren nan biyu.