Sanin Dutse Kafin Sayensa: Darasi Ga Masu Fataucin Ma'adinai A Borno

Daga wakilinmu a Maiduguri

Tun bayan ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 1446 bisa hijira, wato 2024, aikin gini bai tsaya ba a birnin Maiduguri da kewayensa. A unguwar Dala da makamantanta, inda jama'a da yawa daga ƙauyuka suka yada zango saboda rikicin da ya ɓarke tun 2009, kasuwar yashi da tsakuwa da siminti da bulo ta buɗe. Tare da ita kuma wani ciniki yana tafiya a hankali, wato na duwatsu da ƙasa iri-iri da akan kawo a ƙunshe, a ce wannan zinariya ce, wancan kuma masana'antu na nemansa ido rufe. Ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa bisa jin labari kawai ya yi cinikin biri a sama, alhali da farce da wuƙa da lemun tsami zai iya tantance da yawa daga cikin kayan kafin ya kwance bakin jaka.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne inda aka samo kayan, domin kowane ma'adini yana da mazauninsa. Maiduguri tana zaune ne a kan kwarin Tafkin Chadi, inda yashi da laka suka yi ta kwanciya har kaurinsu ya kai ɗaruruwan mitoci. Tudun yashin da ya ratsa birnin ya nufi Bama tsohon bakin tafkin ne, tun zamanin da faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 300,000, kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Saboda haka abin da ƙasar Dala za ta bayar shi ne yashi da laka da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya ce a nan ya haƙo kuza ko dutse mai daraja, maganarsa tana bukatar bincike. Dutse mai tauri sai an je duwatsun Gwoza, kimanin kilomita 135 kudu maso gabas, ko tsaunin Biu mai baƙin dutsen da aman wuta ya bari. Kanwa kuwa daga bakin tafki da ƙasar Manga take fitowa, jifsam daga yankin Fika na Jihar Yobe da Nafaɗa ta Jihar Gombe.

Gwaji na farko shi ne na tauri. A shekarar 1812 wani masani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri, kuma har yau da ma'auninsa ake aiki. Ƙa'idar ita ce mai tauri yana karce wanda bai kai shi ba. Farcen mutum yana kan mataki na biyu da rabi, wuƙa da gilashi wajen biyar da rabi. Jifsam yana kan na biyu, don haka farce yana karce shi. Dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi yana kan na uku: ya fi ƙarfin farce, amma wuƙa tana cin sa. Ƙanƙarar dutse tana kan na bakwai, tana karce gilashi, daimon kuwa shi ne na goma. Wannan bambanci yana da kuɗi a cikinsa, domin ƙanƙarar dutse mai haske tana ko'ina cikin duwatsun Arewa, kuma an sha sayar wa marasa sani ita da sunan daimon, ganin cewa ita ma tana yanka gilashi.

Na biyu shi ne nauyi. Masana kan kwatanta nauyin ma'adini da na ruwan da ya kai girmansa. Ƙanƙara ta ninka ruwa sau 2.6, barait wajen sau 4.5, kuza wajen sau 7, dutsen tozali sau 7.5, tsantsar zinariya kuwa sau 19.3. Mai ƙaramin sikeli da kofin awo zai iya yin wannan lissafi a shagonsa: ya auna dutsen, ya jefa shi cikin ruwa ya ga yawan ruwan da ya ɗaga, sannan ya raba.

Na uku shi ne launin gari. Launin da ido ke gani a jikin dutse yana yaudara, amma idan aka goga shi a bayan tayil, inda ba shi da santsi, zanen da zai bari ba ya sauyawa. A nan ne asirin dutsen nan mai ruwan ɗorawa da ake kira fairait yake tonuwa. Yana ƙyalli kamar zinariya, sai dai zanensa baƙi ne mai ɗan kore, wuƙa ba ta cin sa, nauyinsa bai wuce ninkin ruwa sau 5 ba, kuma idan aka buge shi da guduma sai ya dagargaje. Zinariya zanenta rawaya ne, wuƙa tana yankar ta, guduma kuma baje ta take yi.

Na huɗu shi ne tsami. Kowace uwargida ta san cewa kanwa tana kumfa idan ta haɗu da tsamiya ko lemun tsami. Haka garin dutsen farar ƙasa yake yi, amma jifsam ba ya yi. Wannan ya isa ya raba fararen kayan da ke rikita masu saye. Farar lakar da ake kira kawolin, irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, ba ta kumfa, kuma tana manne wa harshe. Dayatomait na Bularafa da ke ƙaramar hukumar Gulani a Jihar Yobe, wanda ake tace ruwa da mai da shi, ba ya kumfa, kuma rashin nauyinsa a hannu yana ba mutum mamaki. Ita kanwa da kanta iri-iri ce, akwai ungurnu da jar kanwa da fara, kuma tsofaffin fatake sun daɗe suna bambance su da ɗanɗano da tauri da yawan ƙasar da ke ciki.

Ta fuskar tattalin arziki, waɗannan kaya suna da masu bukata na haƙiƙa. Kamfanin siminti na Ashaka, wanda ya fara aiki a 1979, an kafa shi ne kusa da dutsen farar ƙasa, kuma kowane siminti yana ɗauke da jifsam kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 domin kada ya daskare da wuri. Masu haƙar mai suna bukatar barait saboda nauyinsa, da lakar bentonait saboda kumburinta cikin ruwa. An ƙaddamar da aikin Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe a watan Nuwamba na 2022, aka kuma koma neman mai a rijiyar Wadi-B da ke ƙaramar hukumar Jere a watan Mayu na 2023. Baƙar lakar firki ta yankin Dikwa da Marte da Ngala, wadda ake shuka masakwa a cikinta, dangin bentonait ce. Sai dai yawancin irin ta Nijeriya ba ta kumbura sosai sai an gyara ta da soda, abin da ake iya samu daga kanwa. Ke nan Borno tana da lakar, tana kuma da maganinta. Abin da ya rage shi ne jari da tsaro da masana'antar sarrafawa.

Hatta mai buga bulo a Dala yana da nasa gwajin. Idan ya zuba yashi cikin kwalba, ya ƙara ruwa, ya girgiza ya ajiye, yashin zai fara kwanciya, laka ta hau kansa. In lakar ta yi kauri, to siminti ba zai kama ba, bulon kuma ba zai jure damina ba.

Akwai kuma batun rai, wanda ya fi na riba. Dutsen tozali, mai nauyi da ƙyallin toka-toka, wanda ke fashewa murabba'i-murabba'i, dalma ce a cikinsa. A 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda daka duwatsun zinariya masu dalma da ake yi a cikin gidaje. Bai kamata a daka dutsen da ba a sani ba a tsakar gida, ko a niƙa shi a injin hatsi, ko a ɗanɗana shi ba.

Ta ɓangaren doka, tsarin mulkin 1999 ya danƙa mallakar dukkan ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta wajabta lasisi ga mai haƙa, da izini ga mai saye ko adanawa. Mallakar gona ba ta ba mutum ikon abin da ke ƙarƙashinta ba.

Gwaje-gwajen da aka ambata suna kore jabu ne kawai, ba sa faɗin inganci ko yawan abin da ke cikin ƙasa, kuma da waɗannan biyun masana'anta ke yanke farashi. Wanda zai sa kuɗi masu kauri sai ya ɗebi samfur daga wurare dabam-dabam na ramin, da hannunsa ko na wakilinsa, ya kai Sashen Nazarin Ƙasa na Jami'ar Maiduguri ko Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, wadda asalinta ya koma 1919. Kuɗin awo kaɗan ne idan aka kwatanta da asarar mota guda ta kayan da aka ƙi karɓa a ƙofar kamfani, ga kuɗin dako da na komowa. Matambayi dai ba ya ɓata.